Shekara Biyu Ina Cewa "Da Sauƙi"

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana. Idan tana nemana sai ta ce "ke", idan da mutane a wurin kuma sai ta tura ƙanena ya ce ana kira. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. Gida ɗaya muke a Haɗeja, amma tsakanina da Inna gaisuwar safe ce sai aike. Ranar da za a kai ni ɗakin miji gwaggonnina suna ta kuka, ita tana madafi tana juya tukunya kamar ba 'yarta za a fitar ba. Ban taɓa ɗaukar hakan da zafi ba, alkunya ce, haka muka taras. Sai dai na girma ban san ɗumin jikin mahaifiyata ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Kifi take soyawa. Da wannan kaskon ta riƙe mu mu biyar bayan rasuwar Baba, da shi na yi makarantar horar da malamai har na samu aikin koyarwa a firamare. Mace ce mai tsafta da kame kai, wadda ko ciwon kai ba ta faɗa.

Wajen ƙarshen 2021 na fara ganin abubuwan da ban gane ba. Zannuwa a kan igiya da asuba, alamar cikin dare aka wanke su. Turaren wuta a ɗakinta safe da yamma. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina zama cikin mata a gidan suna. Ashe jini ne ya dawo mata bayan ta shekara da shekaru da daina al'ada, ga wani ruwa mai wari, ita kuwa ta rasa bakin da za ta faɗa wa 'ya'yan da ta haifa. Ƙanwarta ce ta gano. Kowa ya ce sanyi ne. Aka sha maganin sanyi na kemis, aka sha na gargajiya, aka yi tsuguno a ruwan bagaruwa, watanni suka wuce. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu aka kai ta asibiti, aka ƙara mata jini leda uku, aka ba mu takarda zuwa wani asibitin koyarwa mai nisa da mu.

Can aka ɗebi tsoka aka kai gwaji. Bayan sati uku likita ya kira ni da ƙanena wanda ke bi na, ya ce sankarar bakin mahaifa ce, ta kai mataki na uku. Ya yi mana bayani cewa wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa ta, takan yi shekara goma ko ashirin tana aiki a ɓoye, kuma jinin da ya dawo wa mace bayan ta daina al'ada ba abin jira ba ne. Ya ce aiki ya wuce, abin da ya rage shi ne a gasa ciwon da hasken inji, abin da ake kira gashi, da kuma kimo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya. Ina kallon bakinsa yana motsi, amma abin da nake tunani shi ne na bar wankin yara a jiƙe a gida.

A barandar asibitin ƙanena ya yanke hukunci. Ya ce kada wanda ya gaya mata, domin idan ta ji kalmar daji tsoro zai kashe ta kafin ciwon. Na yarda, don ni ma haka na gani a lokacin. Muka koma muka ce mata gyambo ne a mahaifa, za a gasa shi ya bushe. Ta ce Allah ya sa a dace. Kwana biyu ƙanena ya koma Legas wurin nemansa, ya bar ni da ita da wannan ƙaryar.

Babu wanda ya zauna ya ce ke za ki yi jinya. Maza uku ne sai autarmu da ke makarantar kwana. Namiji ba zai wanke uwarsa ba, don haka magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Ba zan manta wanka na farko ba. Ta yi kwana huɗu tana cewa za ta iya da kanta, alhali ko tsayuwa ba ta iyawa sai ta dafa bango. Na kai ruwan ɗumi, na ajiye kujera 'yar tsugunno, na tsaya riƙe da soso. Ita ta juya fuskarta bango, ni na sunkuyar da kai. Da na kwance mata zani sai na ji jikinta yana rawa, ba kuma sanyi ake ba. Na ga ƙasusuwan bayanta, na ga tabon ƙunar man suya a damtsenta, wanda ban taɓa sanin tana da shi ba. Har muka gama babu wanda ya ce uffan. Da na mayar da ita gado sai ta ce, "Allah ya yi albarka," tana kallon silin. Na fita bayan ɗakin kwanciya na zauna a kan dakali, hannuwana suna ƙamshin Dettol, na kasa kuka na kasa tashi.

Samun layin gashi kansa jinya ne. Injinan ba su da yawa a ƙasar nan, mutane daga jihohi da dama suke taruwa a kan guda ɗaya. An ba mu rana, muka je aka ce inji ya lalace. Aka sake ba mu wata, sai ambaliyar damunar 2022 ta cinye garuruwa a Jigawa ta yanke hanyoyi, tafiyar da ake yi kafin azahar ta koma ta yini guda. A gida kuma dangi sun rabu biyu. Wasu suka ce daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, duk wanda aka taɓa shi sai ya fantsama. Wani kawunmu ya ce min a gaban mutane, "Idan wani abu ya same ta, ke kika kai ta." Da wannan maganar nake kwana. Kowace takarda ni na sa hannu, kowace allura ni na ce a yi.

Sai farkon 2023 aka fara. Gashi ashirin da biyar, Litinin zuwa Juma'a har sati biyar, ga kimo sau ɗaya a sati ta cikin ƙarin ruwa. Lokacin ya zo daidai da canjin kuɗi. Akwai safiyar da nake da kuɗi a banki, na sayar da gonar da Baba ya bar mana da 'yan kunnena na gwal, amma na rasa naira ɗari biyu a hannu da zan saya mata koko. Mai kokon ce ta dube ni ta zuba min ta ce na kawo duk ran da na samu. A baranda muke kwana, mu masu jinya, kowa da tabarmarsa da buta da fulas. Gashin ya sa mata gudawa, fatar wurin ta ƙone, kimo ya hana ta cin abinci. A dare ɗaya nakan canza mata zani sau biyar.

Waya kuwa ba ta daina ƙara. "Yaya mai jiki?" "Da sauƙi." "Allah ya ƙara sauƙi." "Amin." A yini nakan faɗi wannan kalma sau talatin ko fiye. Ko ranar da ta kwana tana amai, da sauƙi. Masu tambayar da kyakkyawar niyya suke yi, kuma addini da al'ada ne suka koya mana amsar. Amma a hankali kalmar ta zame min bango. Ina faɗa wa Inna da sauƙi don kada ta gane, ina faɗa wa ƙannena don kada hankalinsu ya tashi, ina faɗa wa maigidana don kada ya ce na dawo gida. Har na wayi gari babu mutum ɗaya a duniya da ya san ainihin abin da idona ke gani.

Barci ne ya fara guduwa. Ko ta samu ta runtsa, ni sai na ji kamar tana kira, na zabura na tarar tana kwance shiru. Sai mantuwa, na tsaya salla na rasa raka'a ta nawa nake. Warin ciwon ya zauna min a hanci, ko na je gida na yi wanka ina jin sa a cikin abinci. Ƙirjina yana min nauyi kamar an ɗora dutse, na ɗauka olsa ce na yi ta shan magani. Wata rana da na je ganin yara, ɗana mai shekara shida ya zubar da shayi, na kama shi da duka har sai da babbar 'yata ta riƙe hannuna tana kuka. Ni da nake hana malamai 'yan'uwana dukan yara a makaranta. Maigidana ya yi haƙuri iya nasa, amma akwai daren da ya ce, "Ko kina gidan nan ba kya nan." Gaskiya ya faɗa, ni kuwa na kwana biyu ban yi masa magana ba.

Bayan gashin ta samu sauƙi na gaske wajen wata uku. Jini ya tsaya, ta yi azumi 'yan kwanaki, har ta fara maganar komawa suya. Na koma aji. Na bari zuciyata ta sa rai, shi ya sa dawowar ciwon ta fi zuwansa na farko karya ni. Ya dawo ta baya da ƙafar hagu, ƙafar ta kumbura, sai yoyon fitsari. Lokacin an janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota ya ninka, magani ma haka. Na ɗauki adashi biyu tun lokacin kwasata bai zo ba, na ci bashin da har yau ina biya.

Daga nan ta fara ruɗewa. Takan kira sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, takan ce akwai yara a ƙarƙashin gado. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Wata ranar Juma'a, ɗaki cike da 'yan dubiya, ta nuna ni da yatsa ta ce ni na sace mata kuɗin da ke ƙarƙashin katifa, kuma ina zuba mata wani abu a kunu. Mata suka yi ta cewa a yi haƙuri, ciwo ne. Amma na ga yadda biyu daga cikinsu suka kalli juna.

A daren nan abin ya faru. Wajen ƙarfe uku, na gama canza mata shimfiɗa, na wanke leda, na kwanta ke nan, sai ta sake ɓatawa. Na tashi na ja tsaki. Tsaki mai ƙarfi, a kan mahaifiyata. Ina goge mata jiki wani tunani ya zo min sarai kamar an faɗa min a kunne: da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta. Hannuna ya tsaya. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta faɗo min, inda Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya kama su. Tun ina 'yar shekara tara na haddace ta.

Wata biyu na ɗauki wannan daren ni kaɗai. Duk wanda ya ce min "kin samu Aljanna, Allah ya ba ki masu yi miki", sai na ji kamar ya watsa min ruwan zafi, domin na san abin da bai sani ba. Na ƙara ƙaimi a jinyar don na hukunta kaina. Na hana kowa karɓata, ko ƙanwar Inna ta ce na je na kwanta sai na ƙi. Na daina cin abinci sai an matsa. Idan mota ta hau gada da mu nakan kalli ruwa na daɗe ina kallo.

Da aka sake kwantar da ita, tabarmata tana kusa da ta wata mata daga Damagaram, wadda ta shekara huɗu tana kawo mijinta wankin ƙoda. Ta girme ni sosai. Wani dare muna zaune sauro yana cizon mu, ba tare da na tambaye ta komai ba ta ce, "Ƙanwata, akwai ranar da na roƙi Allah ya raba ni da wannan wahala ko ta wace hanya. Kuma wallahi ina son mutumin nan." Ta faɗa tana ɓare gyaɗa, ko kallona ba ta yi ba. Na fashe da kukan da na shekara ina riƙewa. Ba ta ce na yi haƙuri ba, ba ta ce na daina ba. Ta bar ni na gama, ta miƙo min ruwa a murfin fulas. Ban san inda take yanzu ba, amma ba na salla ban sa ta a addu'a ba.

A wannan kwanciyar aka haɗa mu da sashen da ke kula da raɗaɗin masu ciwon da ba a sa ran warkewarsa. Su ne suka gaya min cewa ciwon ya danne hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda, dattin da ya kamata ya fita ya taru a jini, shi ke taɓa mata hankali. Wato ba zuciyarta ce ta kira ni ɓarauniya ba. Da wani ya faɗa min haka tun ranar Juma'ar nan, da an rage min rabin nauyin. Aka yi mata abin da za a iya, aka sa ta a kan mofin na ruwa, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kowane awa huɗu, tare da maganin da zai hana cikinta ɗaurewa. Dangi suka tayar da hankali cewa maganin ƙarasa mutum ne. Ni da idona na ga akasin haka: ranar da ta fara sha ta yi barcin awa biyar, ta tashi ta nemi fura, ta yi salla a zaune da hankalinta. Wata nas a sashen ta ba ni labarin Baturiyar da ta assasa irin wannan aiki, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a Landan a 1967. Ta ce ita ta koyar cewa raɗaɗin irin wannan majinyaci ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na iyali da abin hannu, da na tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma iyalinsa ma suna cikin waɗanda ake dubawa.

Likitar sashen ce ta gama rubuta wa Inna magani, ta rufe fayil, ta dube ni ta ce, "Ke fa, yaushe rabonki da barci?" Na buɗe baki zan ce da sauƙi, kalmar ta maƙale. Ta ɗauko takarda mai tambayoyi tara, duk a kan sati biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, jin cewa ke ba komai ba ce, kasa tattara hankali. Ta ƙarshe ita ce ko nakan ji gara a ce na mutu. Na tuna gadar, na gyaɗa kai. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi min wa'azi ba. Ta ce wannan ciwon damuwa ne, yana yawan kama masu doguwar jinya, yana da magani, kuma yau zan ga likitan ƙwaƙwalwa.

Na ji kunyar shiga wannan layin fiye da yadda zan iya faɗa. Na ja niƙabi don kada wani ɗan garinmu ya gan ni ya ce 'yar mai kifi ta taɓu. Likitan ya saurare ni kusan awa guda. Ya ba ni ƙwaya ɗaya a rana, ya ce kada na sa ran ganin canji kafin sati uku ko huɗu, kuma kada na daina don na ji daɗi. Ya ce abin da nake ciki har da makoki, makokin wanda yake raye tukuna, kuma fatan wahala ta ƙare ba ya nufin ƙauna ta ƙare. Sannan ya ce ƙwaya ba za ta yi min barcin da ban yi ba, dole a samu mai karɓata.

Zuciyata ba ta kwanta ba sai da na je wurin malamar Islamiyyarmu, na faɗa mata komai har da tsakin. Ta karanto min hadisin da ke cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Ta tuna min cewa Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba saboda yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW), kuma aka ba shi lada da rabo irin na wanda ya halarta. Ta ce, "Abin da aka auna da Badar kike so ki yi shi ba gajiya? Tunanin an yafe miki. Tsakin kuwa haƙƙinta ne, tana raye, je ki roƙe ta."

Na roƙe ta da hantsi, bayan na shafa mata mai a ƙafa. Na ce, "Inna, ki yafe min, akwai daren da na yi miki tsaki." Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Sai ta ce, "Na ji shi. Ni ma da zan iya da na yi wa kaina." Ta ɗan huta ta ce, "Ke ma ki yafe min. Kuma ku daina wahalar da kanku, na san daji ne." Ta ce tun satin farko a layin gashi ta sani, matan da ke zaune kusa da ita ba sa ɓoye sunan ciwonsu. Ta ga muna ɓoyewa, sai ta ƙyale mu don kada ta karya mana zuciya. Wata da watanni tana kwana da tsoron mutuwa, ina kwance taku biyu daga gadonta da irin wannan tsoron, kowa yana gadin ɗan'uwansa.

Wannan ita ce nadamata mafi girma, ta fi ta tsakin. Ba na cewa a je a dankara wa mara lafiya labari ko yana so ko ba ya so, akwai wanda da gaske ba ya son ji. Amma mu ba mu taɓa tambayar ta ba. Mun yanke mata hukunci a baranda kamar ƙaramar yarinya, macen da ta riƙe gida da kasko ɗaya. Da ta samu bakin magana, abubuwa ne fal a ranta. Ta lissafa min waɗanda take bi da waɗanda ke bin ta, har da wata mai itace da ta ce a kai wa naira dubu uku. Ta ce a nemo mata wata ƙawarta da suka yi shekara takwas ba sa magana. Ta ce ba ta son a sake kai ta wani gari, a ɗakinta take so ta cika.

A daren na kira ƙannena, karo na farko ban ce da sauƙi ba. Na ce jikin ya yi tsanani, ni ma ina shan magani, kuɗin da suke turowa ba ya juya ta a kan gado. Ɗaya ya ji haushi, ya ce gori nake musu. Amma aka tsara: ƙanwar Inna dare biyu a sati, matar ƙanena dare biyu, ni uku. Na Legas ya zo ya yi kwana goma, shi ke ɗaga ta idan za a canza shimfiɗa. A dare na uku na same shi a zaure yana kuka, ya ce bai san haka abin yake ba. Daren farko da na kwana a gidana na yi barcin awa goma sha ɗaya.

Kwana huɗu kafin ta rasu, ina ba ta maganin ƙarfe biyun dare, ta riƙe hannuna ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Na shekara talatin da takwas ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, ta maimaita shi sau biyu kamar tana ɗanɗana shi, ta koma barci. Ta cika a watan Nuwamba 2023, farkon shigowar sanyi, ranar Talata bayan asuba, a ɗakinta.

A zaman makoki ban yi kuka ba, na san kuma an yi maganar. Abin da na ji a kwanakin farko sauƙi ne, kamar an sauke min buhu daga ka, sai kuma kunyar jin sauƙin. Likitana ya riga ya gaya min hakan na iya zuwa, shi ya sa bai kayar da ni ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne hannuwana da suka rasa abin yi. Na yi watanni ina farkawa ƙarfe biyu da ƙarfe shida, lokutan maganinta. Kukan ya zo bayan arba'in, ranar da na ci karo da littafin da nake rubuta awannin maganin a ciki, na ga shafi na ƙarshe ya tsaya a rabi. Na ci gaba da shan ƙwayata har likita ya rage ta a hankali ya tsayar. Ɗana da na daka na zaunar da shi na ba shi haƙuri. Ya ce ya manta, amma na lura sai da aka daɗe kafin ya daina janye jiki idan na ɗaga hannu.

A watan Oktoba na shekarar, Inna tana kwance, aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a Najeriya. Jita-jita ta yi yawa a unguwa, ni kuwa da kaina na kama hannun 'yata na kai ta. Ni ma na je an duba bakin mahaifata, na ja autarmu da ta yi aure bara.

Yanzu akwai maƙwabciyata da mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, an shiga shekara ta biyu. Ranar da na fara shiga dubiya na gaishe shi, sannan na bi ta madafi na tambaye ta yaushe rabonta da barci. Ta ce da sauƙi. Na ce ba shi na tambaya ba. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, idonta ya kawo ruwa. Tun daga ranar, duk Alhamis idan na taso daga makaranta, babban ɗanta yana gida don kama shi idan zai zagaya, ni kuma na zauna a ƙofar ɗakin da littattafan yara ina maki. Ita sai ta tafi gidana ta shiga ɗakina ta rufe ƙofa. Na hana yara kunna rediyo ranar. Wani lokaci sai an kira magariba nake tura 'yata ta tashe ta.